Tambayi Likita: Tuwo, Wake da Garkuwar Hanji

Tambaya: Likita, barka da aiki. Na ji an ce abinci yana taɓa ƙwayoyin gado na cikin hanji. Ashe abin da mutum ya gada wajen iyayensa yana canjawa? Daga wani malamin makaranta, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Malam, gado ba ya canjawa, sai dai ba duka ƙwayoyinsa ne ke aiki lokaci guda ba. Kamar shagunan kasuwar Taminus ta Jos ne: duk suna nan, amma wanda aka buɗe shi ke ciniki. Furotin ɗin da muke ci yana narkewa ya koma ƙananan sinadarai, amino asid, iri 20. Guda 9 daga ciki jiki ba ya iya haɗa su, dole sai an ci. Wasu daga cikin amino asid ɗin, irin su gulutamin da tiriyonin da tiriftofan, su ne 'yan mabuɗan shagunan nan.

Fatar cikin hanji tana sabunta kanta duk kwana 3 zuwa 5, aikin da ke cin kaya sosai. Gulutamin ne babban makamashinta, kuma yana tayar da ƙwayoyin gadon da ke haɗa furotin masu kare hanji lokacin zazzaɓi ko kumburi. Tiriyonin kuwa da shi ake yin yauƙin da ke lulluɓe hanji. Wanda ya fi burge ni shi ne tiriftofan. Bakteriya masu amfani na cikinmu ne ke sarrafa shi ya zama wani sinadari mai suna indol, indol ya taɓo ƙwayoyin garkuwa su saki wani furotin mai kai saƙo da ake kira IL-22, shi kuma ya sa hanji ya ƙara fitar da abubuwan kashe ƙwayoyin cuta. Yawancin wannan a jikin ɓeraye aka gano shi, saboda haka kada wani mai tallar magani ya ruɗe ka da shi.

Tambaya: Likita, na yaye ɗana, ba ya shan komai sai kokon masara, ga yawan gudawa. Daga wata uwa, Gangare.

Amsa: Hajiya, masara tana cika ciki amma tana da ƙarancin wasu amino asid, wato layisin da tiriftofan. Ki riƙa zuba garin waken suya ko gyaɗa a kokon, ki ba shi ƙwai da kifi gwargwadon hali. Sannan ga acca a ƙofar gidanmu, muna raina ta. Tana da amino asid ɗin metiyonin da sistin, waɗanda wake ya gaza a kansu, kuma da sistin jiki ke haɗa gulutatayon mai kare ƙwayoyin hanji. Gwaten acca da wake ba ƙaramin haɗi ba ne. In gudawar ta zo, a ba shi ruwan gishiri da sukari, da zinki na kwana 10 zuwa 14. In kin ga ƙafafunsa sun kumbura, ki garzaya asibiti ranar, kar ki jira.

Tambaya: Ina ɗaga ƙarfe, Likita. In sayi garin gulutamin don hanjina? Daga wani matashi, Bukuru.

Amsa: Ƙanena, riƙe kuɗinka. Tsokarka tana haɗa gulutamin da kanta, kuma awara da nono da nama suna ƙara maka. A wani babban gwaji na shekarar 2013, majinyata masu tsananin ciwo da aka ba su gulutamin da yawa sun fi mutuwa a kan waɗanda ba a ba su ba. In kana da ciwon ƙoda ko hanta, kada ka sha sai ka ga likitanka.