Amsa: Sai an yi wa roba mai launi fenti?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko dole ne ka fente ƴar motar haɗawa, wato ƙaramar motar roba da ake sayen sassanta a haɗa, tunda robarta ta zo da launinta. Ba dole ba ne, amma gangar jikin dai ka fente ta. Roba tsirara tana da ƙyallin kayan wasan yara, layin da injin zubi ya bari kuma yana nan ɓaro-ɓaro.

Wanke sassan da ruwan sabulu, su bushe. Goge layin da sanfefa mai lamba 600, ka bi da 1000. Sai firaima, wato fentin share fage da ake fara sawa, musamman in robar ja ce kana son fari, don jan kan ɓullo ta cikin farin. Fentin mota na gaske kuwa, in ya hau roba kai tsaye, cin ta yake ta yi yamutse.

Fesa daga nisan santimita 20 zuwa 25, shafi uku marasa kauri, minti 15 tsakani. A zafin Sakkwato yi da sassafe, da rana fentin kan bushe a iska ya sauka da ƙuraje. Lokacin hunturu kifa kwali a kai saboda ƙura.

Baƙin ƙarƙashin mota kana iya barinsa. Wurin sa gam kuma kankare fentin, in ba haka ba ba zai kama ba.