Tambaya da Amsa: "Maza da mata" ko "jama'a" a lasifikar tasha?

TAMBAYA: Salamu alaikum Tanti. Ina aiki a gishen wani kamfanin motocin Yamai nan Damagaram, ni ke saida tike kuma ni ke riƙe lasifika in mota za ta tashi da asuba. Kullum nakan fara da "mesdames et messieurs" sannan in ce maza da mata a fito da tike. To yayana da ke Turai ya zo hutu ya ji ni, ya ce wai can an daina faɗin haka. Dan Allah gaskiya ne? Mu ma sai mu daina?
Ɗiyarki daga Sabon Gari

AMSA: Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya yi wa aiki albarka. Yayanki bai yi ƙarya ba, sai dai ba ko'ina ba ne. A 2017 hukumar sufuri ta Landan ta ce ma'aikatan jirgin ƙarƙashin ƙasa su bar kiran mata da maza su riƙa gaida kowa a haɗe, jiragen ƙasan Holan ma a shekarar suka koma "ya ku matafiya", Air Canada ta bi a 2019, Lufthansa ta Jamus a 2021. Dalilinsu akwai mutane can da ba sa son a kira su namiji ko mace, su kuma kamfanonin ba sa son fasinja ko ɗaya ya ji an bar shi a baya. Faransa kuwa har yau ana ja-in-ja, sun cire "mademoiselle", kiran da ake wa macen da ba ta yi aure ba, daga takardun gwamnati tun 2012, amma a 2021 ministan ilimi ya hana amfani a lakkol da wani sabon rubutu mai sa ɗigo a tsakiyar kalma don a haɗa namiji da mace.

Mu nan in kin ce maza da mata ba wanda zai ji haushi. Amma saurari karen mota a kowace tasha, me yake cewa? Jama'a a shiga, bayin Allah a matsa, 'yan Maraɗi ku sauko. Babu namiji babu mace a ciki, kuma ba a Turai ya koyo ba. Hausa tana raba ka da ki, shi da ita, amma da an zo kan "ku" da "su" da wannan ɗan "a" na "a biya", "a jira", rabon ya ƙare.

Ni abin da ya fi damuna daban ne, wallahi ya daɗe yana ci mini rai. Kwanaki na raka ƙanwata awon ciki a wata likita, a ƙofa an manna takarda da manyan baƙaƙe: KA ZO DA KATINKA. Na duba benci, mata masu ciki ne zalla sun yi layi har bakin rariya, to wa ake ce wa ka? Haka mesaj ɗin kamfanin waya, "kuɗinka sun ƙare". Wata tsohuwa maƙwabciyata jikarta ta karanta mata irin wannan, ta ɗauko wayar ta zo har gida wai in duba mata ko saƙon ɗanta ne ya ɓato ya faɗo tata, tunda ita dai ba da ita ake ba.

Ba mugunta ba ce, mai rubutun namiji ya hango a ransa, wani kuma Babarbare ne ko Bazabarme da harshensa bai raba shi da ita ba. Amma tun da kundin tafiyar da mulki da aka fitar a 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, irin waɗannan takardu za su yawaita a meri da likita da banki, in ba a gyara tun yanzu ba haka za a saba. "A zo da kati" ma ya fi gajarta.

Don haka gobe da asuba ki ce: Salamu alaikum jama'a, matafiya Yamai ku fito da tikenku, a duba kaya, Allah ya kai mu lafiya. In kuma mutum ya tsaya gabanki a gishe, nan kam ki kira shi yadda ya dace, Baba ina zuwa, Hajiya ga canjinki, Inna zauna nan kusa da taga. Allon da ke saman gishenku ma ki ɗaga kai ki karanta shi, in "ka" ne a jiki ki yi wa shef ɗinku magana.