Amsa ga mai tambaya kan zuba kuɗi a taswira ɗaya ta Counter-Strike

Salamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce kana bibiyar gasar Counter-Strike, wasan harbi na kwamfuta da ƙungiyoyi biyu ke karawa, sosai, kana so ka fara sayen kaso a irin su Polymarket, dandalin sa kuɗi kan hasashen sakamako, kan wanda zai ci taswirar farko ko ta biyu (taswira ita ce filin wasan, kuma karawa ɗaya takan ƙunshi taswira fiye da ɗaya), kana tambaya ko wannan kasuwanci ne ba caca ba. Na shafe kusan wata takwas ina yi a wani dandali irin wannan, shi ya sa na kasa wucewa ban tanka ba.

Tsarin dai ka san shi. Ka sayi "eh" a kan santi 60, in ƙungiyar ta ci a ba ka dala ɗaya, in ta faɗi kuɗinka ya tafi. Abin da ya ja ni shi ne ganin na san wasan. Ina zama a HLTV, shafin labarai da alƙaluman wasan, ina duba wa ya ƙware a taswirar Mirage, wa ke gudun ta Nuke, har littafi na buɗe.

To amma taswira ɗaya gajeriya ce ƙwarai. Tun da CS2, wato Counter-Strike 2, ya fito a 2023, wanda ya fara cin zagaye 13 ya gama. Ƙungiya ta samu zagayen bindigar hannu guda biyun nan, kuɗin sayen makamai ya koma wajenta, sai ka ga ƙaramar ƙungiya ta kayar da babba. Ko ƙungiyar Vitality da ta ɗauki kofin babbar gasar Major na Austin a 2025 takan zubar da taswira, ta dawo ta cinye karawar.

Daren da idona ya buɗe, ana buga taswirar Inferno, zagaye tara da tara, ina riƙe da waya ina kallo. Kwatsam farashin kasona ya sauko daga 55 zuwa 30, alhali a allona ba a ko yi harbi ba. Sai can na ga an share 'yan wasan nawa. Ashe hoton da muke kira kai tsaye a makare yake iso mana, wasu kuwa sakamakon na shigo musu kafin mu. Da su kake ciniki, ɗan'uwa. Na so in sayar in tsira da rabi, babu mai saye sai a farashin wulaƙanci, domin masu ciniki a kan taswira ɗaya ba su da yawa.

Ga kuma sayar da wasa. A 2014 'yan ƙungiyar iBUYPOWER suka faɗi da gangan, Valve, kamfanin da ya mallaki wasan, ta dakatar da su a farkon 2015. Barin taswira ɗaya ya fi wannan sauƙin ɓoyewa, tunda ana iya barinta kuma a ci karawar, musamman a ƙananan gasa inda ladan bai taka kara ya karya ba.

Batun halacci, ni ba malami ba ne, amma na kai wa malaminmu. Ya ce me ka mallaka in ka saya? Na ce babu, sai jiran sakamako. Ya ce ribarka daga ina? Na ce daga aljihun wanda ya faɗi. Sai ya karanto min aya ta 90 a Suratul Ma'ida, inda aka ambaci caca tare da giya. Wallahi jikina ya yi sanyi, domin kuɗin da na tara na gyaran ɗakin mahaifiyata ne suka narke a ciki.

A makon na kwashe ɗan abin da ya rage na rufe asusun. Wasan kam har yau ina kallo, in akwai babbar karawa ka yi min magana mu kalla tare.