Amsa: Alƙaluman mutuwar mata wajen haihuwa, wanne ne daidai?

Malama, kin ce kin ga alƙaluma biyu kan mutuwar mata wajen haihuwa a Najeriya, 512 da 1,047 cikin kowace haihuwa 100,000, kina tambayar wanne ne gaskiya. Dukansu ƙiyasi ne, ba ƙirga mamata aka yi ɗaya bayan ɗaya ba. Na farkon ya fito daga binciken gida-gida da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2018, inda ake tambayar mace labarin 'yan'uwanta mata: wace ce ta rasu, yaushe, da ciki ko tana jego? Na biyun lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya ne da abokan aikinta na shekarar 2020. In rubutu za ki yi, ɗauki ɗaya, ki faɗi shekararsa da wanda ya fitar da shi.

Tushen matsalar shi ne ba ma rajistar mutuwa, alhali doka ta wajabta tun 1992. Matar yayana ta rasu a ɗakinta bayan asuba, jini ya ƙi tsayawa, kafin azahar an kai ta makwancinta, Allah ya jiƙanta. Babu likitan da ya rubuta sanadi, babu wanda ya je ofishin rajista, har yau sunanta bai shiga littafin kowa ba. Abin yana ci mini rai, domin irinta ne ake lissafin magani da ungozoma da su, kuma gwamnati ba ta ma san ta rasu ba.