Yadda Mutt zai riƙa adana tsofaffin wasiƙu da kansa

Malam, ka tambaya daga Gusau yadda za ka sa Mutt, manhajar karantawa da aika imel, ya riƙa kwashe tsofaffin wasiƙun imel daga akwatin da ke cika maka kullum, ba tare da ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Hakan mai yiwuwa ne, kuma duk aikin yana cikin fayil ɗin .muttrc, inda ake rubuta saitunan Mutt.

Hanya mafi sauƙi ita ce umarnin mbox-hook tare da set move=yes, wanda ke mayar da duk wasiƙar da ka karanta zuwa ma'ajiya lokacin da ka bar akwatin. Sai dai ni ban fi son ta ba, domin tana ɗauke har saƙon da ka karanta da safe kana niyyar amsawa da yamma. Na fi amincewa da folder-hook, ta yadda duk lokacin da ka buɗe akwatin, umarnin push, wanda ke aiwatar da umarni kamar kai ne ka danna maɓallan, zai yi wa wasiƙu alama da tag-pattern bisa sharaɗin ~r>30d, wato waɗanda suka haura kwana 30 da isowa, sannan save-message ya tura su ma'ajiya. Ka ƙara !~F a cikin sharaɗin domin a bar waɗanda ka ware da muhimmanci, kuma lallai ka yi amfani da tag-prefix-cond, don kada Mutt ya kwashe wasiƙar da ke gabanka idan babu wadda ta cika sharaɗin.

Ina ba ka shawara ma'ajiyar ta kasance a tsarin Maildir, inda kowace wasiƙa ke da fayil nata. Tsarin mbox yana tara komai a fayil guda, kuma idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu, kamar yadda muka saba gani a nan Zamfara, fayil ɗin na iya lalacewa.