Amsa: Wane hoto ne ke gano daskararren jini a ƙafa?

'Yar'uwa, Allah Ya ba Mama lafiya. Kin ce ƙafarta ɗaya ta kumbura tun da ta dawo daga doguwar tafiya, likita yana zargin jini ya daskare a jijiya, kina tambayar wane hoto za a yi.

Hoton ƙashi ba ya nuna gudan jini, kar ku kashe kuɗi a kansa. Abin da ake fara yi shi ne sikanin na Dofila, na'ura irin wadda ake duba masu ciki da ita. Za a shafa mai mai sanyi, a danna kan na'urar a matsematsi da bayan gwiwa. Lafiyayyiyar jijiya tana lotsawa har ta rufe. Idan akwai gudan jini, sai ta ƙi lotsawa. Babu allura, babu yanka. Idan ba a ga komai ba amma zargin na nan, akan maimaita bayan kwana 7, don gudan da ke sharaɓa yana iya hawowa sama.

Siti sikan ko MRI, wato hotunan da ake shigar da mutum cikin babbar na'ura a ɗauka, sai idan ana zargin jijiyoyin ƙugu, inda sikanin Dofila bai cika gani da kyau ba. Idan za a yi allurar ruwan da ke sa jijiyoyi su fito sarai a waɗannan hotunan, ku gaya wa likita in tana da ciwon ƙoda.

Don Allah kar a yi mata tausa, gudan na iya ɓallewa ya tafi huhu. Numfashi ya yi wuya ko ƙirji ya yi ciwo, ku garzaya asibiti ko da tsakar dare ne.