Tambaya da Amsa: Ina son fara yankan zayyana a katako, ta ina zan kama?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ma'aikaci ne a Gwammaja nake, ba kafinta ba ne ni sha'awa ce kawai, na daɗe ina kallon Turawa a YouTube suna yanka katako da wani ɗan inji mai siririn zarto da suke cewa sukurol so, suna fitar da sunaye da fulawoyi tas. Wani abokina ya ce zai turo min tokumbo daga Amurka, in ce ya turo? Kuma wane katako zan saya a nan Kano?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, wallahi tambayar nan ta yi min daɗi. To kafin ka ce ya turo, ya fara ɗauko maka hoton ɗan farantin da ke jikin injin mai nuna irin wutar da yake amfani da ita tukunna, saboda wutar gidajen Amurka bolt 120 ce tamu kuwa 230, in ka jona shi haka kai tsaye ƙonewa zai yi, sai dai ka haɗa da taransifomar rage wuta. Na Ingila ko Jamus ba su da wannan matsalar. Cin wuta kam ba shi da shi, ƙananan ba su wuce wat ɗari da 'yan kai ba, ƙaramin janareto ko solar gida ma ta riƙe shi.

Amma gaskiya ni abin da ya fi damuna ba injin ba ne, zarton ne. Ɗan siririn ƙarfe ne tsawonsa inci 5, yana hawa da sauka kamar allurar keken ɗinki, kuma karyewa yake yi, ko hannun gwani yana karyewa balle sabon shiga, ga shi ba kowane shagon kayan kafinta ke ajiye shi ba, ka leƙa Sabon Gari da Ƙofar Ruwa ka tambaya tun kafin injin ya iso, ko ka ce abokin ya haɗo maka dozin-dozin. Iri biyu ne, akwai mai ɗan fil a kai da ƙasa akwai marar fil. Dan Allah ka nemi injin da ke karɓar marar fil ɗin, domin in za ka yanke cikin zane sai ka huda ɗan rami ka zura zarton ta ciki, mai fil kuma ba ya shiga ƙaramin rami, kenan aiki mai ƙananan lungu ya gagare ka. Zarton kuma lamba-lamba ne, lamba 3 don filawud marar kauri, 5 ita ce ta yau da kullum, 7 in katakon ya yi kauri. Haƙoran su kalli ƙasa, ka ɗaure shi tamau, sannan kar ka danna katakon da ƙarfi, bi shi a hankali ya ci da kansa, gaggawa ce ke karya mafi yawansu.

Katako kuwa ka je 'Yan Katako ta Na'ibawa, ko ma ka roƙi guntaye wajen kafintan unguwarku don koyo. Fara da filawud mai kaurin milimita 3 zuwa 6, ka duba gefensa kar ya zama mai ramuka a ciki. Obece na da laushi, maɗaci kuma ya fi kyau in an goge da samfefa an shafa banish, jan nan nasa ya fito. Kirya dai a bar wa masu sassaƙa turmi. Kuma kar ka yanka ɗanyen katako, hunturu na shigowa zai lanƙwashe ko ya tsage aikinka ya tashi a banza.

TAMBAYA: Malam ni uwa ce daga Hotoro, ina so in rinƙa yin abin rabo na biki da sunayen amare da Larabci, mace za ta iya? Ba ya yanke yatsa?

AMSA: Sosai ma Hajiya, a zaune ake yi kuma ba ƙarfi yake so ba, nutsuwa ce. Yana cikin injinan katako masu ƙarancin hatsari amma yana yanka fa, ki ɗaure mayafi da hannun riga, ki sa gilashin kare ido da takunkumi saboda ƙura musamman ta MDF, wato allon da ake yi da garin katako da gam, a tsakar gida za ki yi ba cikin ɗaki ba, in kin gama ki cire soket saboda yara. Abin rabo kuma ba sai ɗaya-ɗaya ba, ki jera filawud uku ko huɗu ki naɗe da salatif, ki manna takardar zanen a sama, yanka ɗaya ya ba ki huɗu.

Inda Larabci ke ba da wuya shi ne ɗigo, ɗigon haruffan ba da ta da nun duk zubewa suke yi tunda ba su haɗe da harafin ba, haka alif da dal da ra ba sa riƙe na gabansu. To ko ki bar ɗan siririn haɗi tun a zane, ko ki yanka ki manna su da gam a kan wani allon baya mai launi daban. In kuma sunan Allah ne ko aya, takardun zanen da aikin da ya lalace kar su shiga bola, ki ware musu mazubi daban.